Tarihin lanho a Agye, Gazawa da Gidan Rumji: takardar a hannun wa take?



Kowace shekara in kaka ta wuce, mai gari ya kan fara aiko yaro a kan kuɗin lanho. In watan Afrilu ya ƙarato kuma, ƴan kasuwarmu masu lambar haraji su shiga birkice akwati da ƙarƙashin katifa suna neman rasit ɗin da aka ba su wata takwas baya. Wani ya samu, wani ya tarar gara ta riga shi. Mukan ce sakaci ne, amma abin yana da tushe. Mun fi shekara ɗari muna biyan haraji alhali takardar tana hannun mai karɓa, mai biya kuwa ba shi da komai sai shaidar baki. Yau doka ta juya, ta ce mai biya shi zai kawo hujja. To bari mu bi tarihin daga farko, don mu gane abin da ya kamata kowa ya tara.

Kafin zuwan Nasara ma ana biya. Bayan jihadin Shehu Usman Ɗan Fodiyo, sarakunan Katsina na Haɓe suka kafa Maraɗi, Gobirawa kuma suka zauna a Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Kamar sauran ƙasar Hausa, talaka yana ba da kuɗin ƙasa, makiyayi jangali, masu sana'a kuma kowa da nasa. Kuɗin zamanin wuri ne. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya ratsa Tasawa da Gazawa a watan Janairun 1851 a kan hanyarsa ta Katsina. Ya ba da labarin wahalar da aka sha a Tasawa wajen ƙirga wuri 500,000 da hannu. Da ya isa Kano kuma ya rubuta cewa kowane mai gida yana biyan wuri 2,500 kuɗin ƙasa, kowace karofi ta rini kuma wuri 700. A wannan tsari gida ake ƙirgawa, kuma lissafin yana cikin kan mai gari da dattawan unguwa. Sun san wanda gonarsa ta yi, sun san wanda fari suka cinye wa hatsi. Akwai zalunci, ba mu ce babu ba, sai dai mai karɓa da mai biya sun san juna.

Faransawa sun shigo da wuta. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar nan tana ƙona garuruwa, har tafiyar ta watse a wajen Dankori da Maijirgi, yankin Tasawa. Daga baya Faransa da Ingila suka shata iyaka, ƙasar Maraɗi ta faɗo hannun Faransa, a 1922 kuma Nijar ta zama cikakkiyar ƙasar mulkin mallaka. Abin da suka kawo shi ne harajin kai, wanda bakinmu ya mayar lanho daga kalmarsu ta Faransanci. An daina ƙirga gida, aka koma ƙirga kawuna. Kwamanda ya fito rangadi da tafinta da gardi, a tara gari a inuwa, mai gida ya jera iyalinsa, a rubuta. Babu takardar haihuwa, don haka da ido ake ƙiyasta shekaru. In Bature ya dubi yaro ya ga ya isa, to ya isa ke nan.

Nan matsalar ta faro. Littafin ƙidayar yana ofis, da harshen da kusan babu mai karanta shi a ƙauye. Kuɗin da aka yanka wa gari dole sai sun cika. In mutum ya rasu ko ya yi hijira, sunansa na nan cikin littafi har ƙidaya ta gaba, danginsa ko sauran gari su biya masa. Mai garin da bai cika ba ya sha wulaƙanci, wani ma a tuɓe shi. Kuma ba a karɓar wuri, sai kuɗin Faransa. Wannan ya tura kakanninmu noman gyaɗa, suna kai wa kantunan Turawa irin su CFAO da SCOA a Maraɗi, daga nan ta bi ta Kano inda jirgin ƙasa yake. Shi ya tura samari cin rani Katsina da Kano neman kuɗin lanho. Ga kuma aikin dole a kan hanyoyi, wanda ba a soke ba sai da dokar Houphouët-Boigny ta Afrilun 1946. A yunwar 1931 da ta auka wa yammacin Nijar, masu mulki sun ci gaba da neman lanho mutane na mutuwa.

Wanda ya rayu a haka, mece ce dabararsa? Ɓoyewa. Ranar ƙidaya a tura samari daji, a ce budurwa ba ta kai ba, a kora shanu su ƙetare iyaka. Wani lokaci iyali guda su kwashe cikin dare su koma ƙasar Ingilishi. Ba mu ga laifinsu ba. A zamanin, shiga takarda shiga wahala ne, kuma wannan darasi aka gadar mana.

Ƴancin kai na 3 ga Agustan 1960 bai sauke kayan ba. A mulkin Diori Hamani lanho ya ci gaba, har ya riƙa ƙaruwa, domin gyaɗa da kan talaka su ne manyan hanyoyin kuɗin gwamnati. A 1962 aka kafa SONARA ta riƙe cinikin gyaɗa. Lokacin karɓar lanho ya kan faɗo bayan girbi, daidai sa'ad da hatsi ya fi arha, sai mutum ya sayar da damin geron da zai dawo ya saya da tsada a bazara. Farin shekarun 1973 da 1974 ya karya gyaɗar, ya kashe dabbobi, ranar 15 ga Afrilun 1974 kuma Seyni Kountché ya karɓi mulki. Da kuɗin uranium suka shigo, a ƙarshen shekarun 1970 gwamnatinsa ta soke lanhon kai na gwamnatin tsakiya, aka bar ɗan abin da gunduma ke karɓa. Makwabtanmu ma haka: a 1979 gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali.

Wannan ɗan abin da aka bari shi ne muka daɗe muna biya, sefa 700 a kan kowane baligi a ƙauyuka da yawa, wato dala ɗari da arba'in. Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ya koma asusun ma'aikatar magajin gari: Agye da Cadawa, Gazawa da Gangara, Gidan Rumji, Tsibiri, Cadakori, Gidan Sori da Saye Sabuwa. Gazawa kuma ta fita daga Agye ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. Har yanzu ta hannun masu gari kuɗin ke bi, da katin iyali wanda ke ɗauke da sunayen mutanen gida.

Katin nan ne ya fara nuna mana cewa zamani ya canza. A matsalar abinci ta 2005, wadda ta fi tsanani a jihar Maraɗi, a garuruwa da dama da katin iyali da littafin ƙidaya aka yi rabon taimako. Mai gidan da ke ciyar da mutum goma sha biyar amma ya rubuta bakwai don gudun lanho, rabon mutum bakwai aka auna masa. Dabarar da ta ceci kaka ita ta cuci jika, kuma babu inda zai kai kuka, tun da bakinsa ne ya faɗi bakwai.

Yanzu mu zo ga harajin kuɗin shiga, wanda ya bambanta da lanhon kai. Shi ba kai yake ƙirgawa ba, abin da mutum ya samu a shekara yake dubawa. Hukumar haraji ta ƙasa, DGI, ita ke karɓarsa, kuma a 2012 aka haɗa dokokinsa cikin kundi guda. Manomin da ke cin abin da ya noma ba ya cika takardar bayyana kuɗin shiga. Waɗanda abin ya shafa su ne ma'aikata, ƴan kasuwa, ƴan kwangila da masu gidajen haya, kuma kowa da irin takardar da za ta tsaya masa.

Ma'aikaci, ko malamin lakkol ne ko na asibiti ko na ƙungiya mai zaman kanta, tun kafin albashi ya shigo hannunsa ake cire harajin da ake kira ITS. Mutane da yawa sukan ɗauka shi ke nan babu ruwansu da takarda. Akwai fa. Ana rage wannan haraji gwargwadon yawan iyalin da mutum ke ɗauke da su, amma sai da shaida: takardar aure da takardun haihuwar yara. Yaron da aka haifa a ƙauye ba a yi masa takarda ba, sai an je kotu an samo wadda ke maye gurbinta, in ba haka ba a wurin mai biyan albashi kamar babu shi ne. Kuma a riƙa ajiye takardar albashi ta kowane wata, domin ranar da lissafi ya rikice, ko ranar haɗa takardun ritaya, ita za a tambaya.

Ɗan kasuwa kuma, abu na farko lambar NIF. Ƙananan ƴan kasuwa haraji guda ake yanka masu gwargwadon cinikin shekara. To wa ya san cinikin shekara? In mutum ba shi da littafi, ma'aikacin haraji zai dubi shago ya ƙiyasta, kamar dai yadda Bature ya dubi yaro ya yanka masa shekaru. Ɗauki mai sayen aya a Cadawa. In an zo a kaka za a tarar da sito cike har rufi, alhali rabin buhunan ajiyar mutane ne, wasu kuma da kuɗin wani Alhaji aka saya. In babu rubutun da ya raba nasa da na mutane, duka za a ɗora masa. Littafin makaranta ya isa: kwanan wata, abin da aka saya, abin da aka sayar, sunan mai kaya. Da boko ko da ajami, muddin ana rubutawa kullum.

Manyan ƴan kasuwa da ƴan kwangila su ne ke bayyana ribar shekara, kuma a dokar 2012 wa'adin shi ne 30 ga Afrilu na shekarar da ta biyo baya. Riba ita ce abin da ya rage bayan an cire kuɗin da aka kashe, amma kuɗin da babu takardarsa ba a cire shi. Kuɗin mota daga Gazawa zuwa Maraɗi, hayar sito, ladan ƴan dako, kuɗin lantarki, in babu rasit kamar ba a kashe ba ne, sai a lissafa su cikin riba. Akwai kuma wani kaso da ake yanke wa ɗan kasuwa tun a duwan, ko lokacin da gwamnati ta biya shi kuɗin kwangila. Wannan kafin alƙalami ne, ana cire shi daga harajin ƙarshen shekara, amma sai an nuna takardar shaidar yankewar. Wanda ya yar da ita ya biya sau biyu. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke ciki, ta ce a ajiye takardun lissafi shekara 10.

Mai gidan haya shi ma ya riƙe takardar filin, yarjejeniyar haya a rubuce, da rasit na kowane wata. In gidan ya zauna babu kowa wata huɗu, rubutu ne kawai zai nuna hakan. Dokar kasafin kuɗi kuma takan taɓa haraji kusan kowace shekara, mun ga yadda ta 2018 ta fito da jama'a kan titi a Yamai da sauran birane. Saboda haka kafin a cika takarda a leƙa ofishin haraji a tambayi ƙa'idar bana, kada a dogara da ta bara.

Mai gida a ƙauye, naka bai wuce uku ba: katin iyali da sunan kowa a ciki, rasit ɗin lanhon kowace shekara, da takardun haihuwa. In an yi rasuwa a je a cire suna, in an yi haihuwa a sa. In ka ba mai gari kuɗi ka nemi rasit, ba rashin kunya ba ne, shi ma kariya ce gare shi ranar da za a yi masa lissafi. Mai gona kuma ya nemi takardar hukumar filaye, wadda dokar karkara ta 1993 ta tanada. A zuba su cikin leda, a sa a gwangwani mai murfi saboda gara da ruwan damina, a sa yaro ya ɗauki hotonsu a waya.

Akwai wani amfanin kuma. Kuɗin lanho da na tikitin kasuwa da su ya kamata a gyara rijiya, a share kasuwa, a rufe ajin zana. Garin da ke riƙe da rasit ɗinsa yana iya haɗa lissafi ya ce ga abin da muka biya bana, ina aka kai shi? Kakanninmu ba su samu wannan dama ba, domin littafin yana ofishin kwamanda kuma tambaya laifi ce. Mu kuwa akwai ɗan lakkol a kusan kowane gida.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu biya cikin rufin asiri.