Zafin Matashi da Idon Gwani: Darasi daga Tarihin Ƙagaggen Labarin Hausa

A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Lokacin da Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja domin wannan gasa bai wuce shekara 22 ba, Abubakar Tafawa Ɓalewa mai Shaihu Umar kuwa ƙaninsa ne da shekara guda. An saba kawo wannan a matsayin hujjar cewa matasa ne suka haifi ƙagaggen labarin Hausa. Gaskiya ne, amma akwai sauran magana.

A 1936 an ɗauko Imam daga Katsina zuwa Zariya, ya yi wata shida yana aiki tare da East. An tara masa littattafan labaran Larabawa da na Turawa, yana rubutawa, ana karantawa, ana mayar masa ya gyara. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce. Duk wanda ya ɗora littafin nan kusa da Ruwan Bagaja zai ga bambancin: barkwancin da zaƙin harshen suna nan yadda suke, domin na Imam ne tun asali, amma yanzu labaran sun sami ginshiƙi, wani aku mai ba da labari yana riƙe da zaren daga farko har ƙarshe. East ma'aikacin mulkin mallaka ne, bukatarsa littafin karatun 'yan makaranta, kuma hakan ya taƙaita abin da za a iya faɗa. Duk da haka zaman nan na wata shida ya koya wa Imam tsara dogon aiki.

Daga tsakiyar shekarun 1980 wani ayarin matasa ya taso a Kano, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino. Kamfanonin ɗab'i sun ja baya, don haka marubuci shi ke rubutawa, shi ke biyan maɗaba'a, shi ke kai wa 'yan kasuwa. Sun taɓo auren dole da kishi da halin da matan aure ke ciki da ƙarfin halin da magabatansu ba su gwada ba, sun kuma jawo mata da yawa cikin karatun boko. Abin da suka rasa shi ne edita. Masana sun yi ta muhawara a jaridu kan ko "adabin kasuwar Kano" ya cancanci sunan adabi, alhali da an ba da rabin wannan ƙarfin ga zama da marubutan a kan rubutunsu, ana gyara ƙa'idar rubutu da tsarin labari, da littattafai da dama sun fi haka daɗewa a hannun masu karatu.

Yau labaran sun koma Wattpad da WhatsApp, babi na fita kafin marubuciyarsa ta sake karanta shi. Sassan Hausa na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo suna yaye masu nazarin adabi duk shekara, kuma a ganina lokaci ya yi da za su koyar da aikin edita a matsayin sana'a mai zaman kanta.