Mawaƙin Teku da Hausa Ba Ta Raɗa wa Suna Ba

Masunci a madatsar ruwa ta Bakolori ba ya rasa sunan abin da komarsa ta kamo: tarwaɗa, karfasa, gaiwa, minjirya, ƙurungu. In kuwa halittar ta yi masa kama da ta tudu, sai ya aro suna daga can, ya ce giwan ruwa, ragon ruwa, karen ruwa. Amma a nuna masa hoton dabbar nan ta teku mai kai tsawon mita 30, a ce ya faɗi sunanta, sai ya ce kifi ne ƙato. Ba laifinsa ba ne, kakanninsa ba su yi su a teku ba.

'Yan jarida kan ari sunan Turanci su ce kifin wel da kifin dolfin. Kalmar "kifi" ce ta ɓata zancen. Waɗannan dabbobi huhu gare su, sai sun leƙo sama suke shaƙar iska, suna haihuwa kuma suna shayarwa. Girkawa sun lura da haka tun da, don masana na danganta sunan dolfin da kalmarsu ta mahaifa. Larabawa suna da "hut", sunan da almajiri ya sani daga ƙissar Annabi Yunusa (AS), suna kuma da "anbar", dabbar da sahabbai suka tsinta a gaɓar teku a tafiyarsu da Abu Ubaida, wadda turaren ambar ya ci sunanta. Mu abin da ya fi kusa da su a bakinmu shi ne ayu na kogin Kwara da Binuwai, ko da yake a wajen masana ayu ya fi kusanci da giwa.

Cikin teku haske ba ya nisa, sauti ne ke tafiya. A iska yana cin kimanin mita 340 a daƙiƙa, a ruwa kuwa kusan 1,500. Shi ya sa masu bincike ke zura wata na'ura mai suna haidirofon, daga kalmomin Girkanci biyu, ruwa da sauti. Da ni aka tambaya, "kunnen ruwa" zan ce, don aikinta ke nan: a bar ta a ƙasa watanni tana saurare, a ciro ta a gane wa ya wuce, yaushe, kuma ƙarar jirage ta kore shi ko ba ta kore shi ba.

Da irin wannan kunne wani injiniyan rundunar ruwan Amurka, Frank Watlington, ya naɗi wasu muryoyi a kusa da tsibirin Bamuda. Roger Payne ya fitar da su a faifai a 1970, sannan a 1971 shi da Scott McVay suka bayyana cewa muryoyin na wani nau'in wel ne mai doro, kuma abin da yake yi waƙa ce.

Shin waƙa ce ko kuka? Bahaushe kuka yake ba dabba: kukan kura, kukan zaki, kukan kurciya. Kuma mutanen ƙasar da ta haifi Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru ba su da saurin kiran kowace hayaniya waƙa. Sai sun ji gindi, sun ji ɗiya, sun ji an koma inda aka faro. To, abin da Payne ya tarar ke nan. Gajerun sautuka suna haɗuwa su ba da layi, layuka su ba da sashe, sassan su biyo juna bisa jeri ɗaya na tsawon mintoci, sannan a sake daga farko, har a shafe sa'o'i. Mazan ne ke yi, duk na yanki ɗaya waƙarsu ɗaya, tana kuma sauyawa shekara bayan shekara. Ko makaɗin fada ya ji wannan bayani, ba na zaton zai ce kuka ne.

Sautin dolfin kuwa fito ne. A 1965 Melba da David Caldwell suka gano kowane ɗaya yana da fitonsa na kansa. A 2013 masu bincike a Jami'ar St Andrews suka nuna cewa in an kunna masa kwaikwayon fitonsa yakan amsa. Ashe dabbar da muka kasa raɗa wa suna ta riga ta raɗa wa kanta.

Kogunanmu ma ba bebaye ba ne. A tafkin Ossa na Kamaru an yi amfani da kunnen ruwa wajen bin sawun ayu, wanda ido ba ya cika gani. Kowane yaron masunci a Maradun ya san ƙurungu na gurnani in an kama shi, ƙayar fiffikensa ce yake gogawa a gurbinta.

Shawarata, a bar "kifi" ga masu shaƙar numfashi a ruwa. A bi hanyar masunta a ce wa wel giwar teku, da "r" don a bambanta ta da giwan ruwa, dolfin kuma a bar shi da sunansa. Ɗalibanmu na nazarin Hausa da na kimiyyar halittu su je Bakolori, Bakura da Talata Mafara, su zauna da sarakunan ruwa su rubuta sunayen kifaye da na sautukansu tun tsofaffin suna raye.