Hashtag wajen tallata zane-zane

Hashtag kalma ce ko gajeriyar jimla da ake sanya wa alamar # a gabanta a shafukan sada zumunta, domin duk saƙon da ke ɗauke da ita ya taru wuri ɗaya. Kafofin yaɗa labarai na Hausa sukan kira shi maudu'i. Masu zane da fensir, tawada, gawayi ko kwamfuta suna amfani da shi domin aikinsu ya kai ga mutanen da ba su san su ba, musamman masu buga littattafai, jaridu da masu son a zana musu hoto.

Tarihi

Chris Messina, ɗan Amurka, shi ne ya ba da shawarar amfani da alamar a Twitter ranar 23 ga Agusta, 2007. A 2009 kamfanin ya mayar da ita abin da ake latsawa a ga sauran saƙonni. Instagram ya bi sahu a 2011, Facebook kuma a 2013.

Masu zane ba su ɓata lokaci ba. A 2009 Jake Parker ya fara Inktober, inda mutum ke yin zane ɗaya da tawada a kowace rana ta watan Oktoba, ya wallafa shi da #Inktober. A Satumbar 2017 Abelle Hayford, mai asali daga Ghana da ke karatun zane a Amurka, ya zama sanadin #DrawingWhileBlack domin fito da baƙaƙen fata masu zane. Akwai kuma #PortfolioDay, wanda ake yi sau huɗu a shekara, a Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba, ranar da mai zane ke baje mafi kyawun ayyukansa tare da hanyar da za a same shi.

A Najeriya

A 2018 maudu'in #WeAreNigerianCreatives ya yi tashe a Twitter, matasa da dama suka riƙa sanya hotunansu kusa da abin da hannunsu ya zana. Labarin da ya fi shahara daga Arewa shi ne na Eli Waduba Yusuf na Kaduna. A Fabrairun 2019 ya wallafa hoton ɗan wasan barkwancin Amurka Kevin Hart da ya zana da fensir, ya ambaci sunansa, ya roƙi jama'a su yaɗa har ya kai gare shi. Hart ya gani, ya ce zai saya, ya kuma nemi ya zana masa wasu abokansa uku. A wannan labarin, ambaton suna da taron dangin masu yaɗawa ne suka yi aikin. Mustapha Bulama, mai zanen barkwanci na jaridar Daily Trust, shi ma zanensa kan yawo a wayoyi fiye da inda takardar jaridar ke kaiwa.

Wannan hanya ta taɓa toshewa. Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter daga 5 ga Yuni, 2021 zuwa 13 ga Janairu, 2022, abin da ya shafi duk wanda kasuwarsa ta dogara da shafin.

Yadda yake aiki

Maudu'in da ya cika faɗi, kamar #art, miliyoyin saƙonni ne a ƙarƙashinsa, sabon zane yakan nutse cikin mintuna. Wanda ya ƙunshi sunan wuri, biki ko irin aikin ya fi daɗewa a gaban masu nema. Mai zane a Yelwa, Shanga ko Wara da ya zana tseren jiragen ruwa na bikin Rigata na Yauri, ko masunta a bakin tafkin Kainji, ya fi samun masu kallo idan ya sanya #Yauri da #Kebbi. Lokaci ma yana da tasiri: zanen bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sanya a jerin al'adun duniya a 2016, ya fi tafiya a makon da ake bikin.

Rubutun Hausa yana da tasa matsalar. Tazara da alamomin rubutu suna yanke hashtag, saboda haka kalma irin 'yan ko maudu'i ba ta shiga yadda take, sai an cire alamar. Haruffa masu ƙugiya, wato ƙ, ɗ da ɓ, ba kowa ke da su a allon wayarsa ba, shi ya sa akasari ake rubuta su babu ƙugiya don kada masu nema su rabu gida biyu. Lambobi zalla kuma ba sa zama hashtag a X.

Raguwar tasiri da haɗari

Ƙarfin hashtag ya ragu tun da shafukan suka koma zaɓar wa mutum abin da zai gani bisa abin da ya saba kallo. A Disambar 2024 Instagram ya cire damar bin maudu'i kamar yadda ake bin mutum.

Abin da ke kawo mai saye shi ne ke kawo ɓarawo. Akan kwafi zane a goge sa hannun mai shi, a buga a riga ko kalanda. 'Yan damfara sukan bi maudu'an masu zane suna aika saƙon ƙarya na biyan kuɗi, don haka masu sana'ar da yawa ba sa fara aiki sai an ba su kafin alƙalami. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a Maris 2023, ta kare ayyukan zane har da waɗanda ke intanet. A tsakiyar 2024 masu zane da yawa sun koma manhajar Cara, wadda Jingna Zhang ta kafa, saboda ƙin yadda kamfanin Meta ke horar da ƙirƙirarriyar basira da hotunan da jama'a suka wallafa a fili.