Burkutu da Ogogoro a Kudancin Kaduna

A Faransa, a yankin Konyak, ana ɗora giyar inabi a tukunyar tagulla, a tara tururinta har sau biyu, sannan a ajiye ta shekaru a gangar katako. Ita ake kira burandi. Kudancin Kaduna ba ƙasar inabi ba ce. Abin da Atyap, Bajju, Ham da Agworok suka gada tun kaka da kakanni shi ne burkutu, giyar dawa.

Sana'ar mata ce. Sukan jiƙa dawa, su shanya ta a lulluɓe har ta yi tsiro, su busar, su niƙa, su dafa. Sai a bar ruwan ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa, a juye a randa har ya fara kumfa. Da ƙwarya ake sha, kuma ba ta ajiyuwa, domin cikin 'yan kwanaki take lalacewa. Shi ya sa ake dafa ta don wani taro: gayyar noma, biki, jana'iza ko zaman dattawa. 'Yan mishan ɗin Kirista na SIM da suka zauna a Kwoi tun 1910 sun hana mabiyansu sha, amma ba su kashe murhun ba.

Giya mai ƙarfi baƙuwa ce. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta sa Turawan mulki suka hana shigo da barasar kwalba Arewa. Da layin dogo daga Fatakwal ya mai da Kafanchan mahaɗar jiragen ƙasa a 1927, ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudancin Najeriya suka cika garin. A farkon shekarun 1930 dabarar dafa bammi a tara tururinsa ta bututu ta bazu a kudancin Najeriya, aka sami ogogoro. Gwamnati ta haramta shi, har da ɗauri.

A nan hanya ta rabu. Mai burandi a Faransa doka ta kare sunansa, ta tsara masa ƙa'ida. Mai ogogoro kuwa ɓoye ya koya, kuma abin da aka yi a ɓoye babu mai auna shi. A 2015 ogogoro mai gubar metanol ya kashe mutane da dama a jihohin Ondo da Ribas, hukumar NAFDAC ta gargaɗi jama'a. Burkutu dai har yau mata na dafa ta a fili a ƙauyukan Jama'a, Kaura da Zangon Kataf.