Yawon Sallah Daga Batsari da Safana

Kafin a san wuraren wasan yara na zamani, hutun ɗan Batsari da Safana shi ne yawon Sallah. Tun cikin azumi uba ke tanadin kuɗin mota, a ɗinka wa yara kaya, a nufi Katsina kallon hawa a Ƙofar Soro, a leƙa hasumiyar Gobarau. Da Gwamna Audu Bako ya buɗe gidan zoo na Kano a farkon shekarun 1970, masu hali suka ƙara nisa.

Da 'yan bindigar dajin Rugu suka tsananta hare-hare daga 2019, lafiyar hanya ta zama tambayar farko ta kowace uwa.

'Yan'uwa marubuta, ku zauna da dattawan Ruma da Runka, ku rubuta waɗancan tafiye-tafiye tun masu labarin suna raye.