Baƙar Damisa da Farin Zakara: Tarihin Jefa Ƙuri'a a Gundumar Lowndes

Gabatarwa

Sau da yawa idan mutanen karkara suka ƙi fita zaɓe, akan ɗora laifin a kan jahilci ko rashin kula. Amma ruwa ba ya tsami banza. Tarihin gundumar Lowndes, wadda ke cikin Jihar Alabama a kudancin Amurka, ya nuna cewa fitar manomi zaɓe, da kuma jam'iyyar da yake bi, sun rataya ne a kan wanda ya mallaki gonar da yake nomawa, da wanda ke riƙe da littafin rajista.

Asalin al'amarin

Gundumar Lowndes tana tsakanin garuruwan Selma da Montgomery, a yankin baƙar ƙasa mai albarkar auduga, inda aka tara bayi masu yawa kafin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Bayan an 'yanta bayi, gyaran da aka yi wa tsarin mulkin ƙasar a 1870 ya haramta hana mutum ƙuri'a saboda launin fatarsa. Baƙaƙen fata suka rungumi jam'iyyar Rifablikan, watau jam'iyyar Shugaba Lincoln, fararen fata masu gonaki kuwa suka taru a jam'iyyar Dimokurat.

Wannan 'yanci bai daɗe ba. A 1901 Alabama ta yi sabon tsarin mulki wanda ya sanya harajin zaɓe da jarrabawar karatu a kan mai neman rajista. Tun da yake jami'in rajista shi ke yanke wanda ya ci da wanda ya faɗi, cikin shekara biyu baƙaƙen fata masu ƙuri'a a jihar suka ragu daga wajen 180,000 zuwa ƙasa da 3,000. A farkon 1965 mutanen Lowndes sun kai kimanin 15,000, kashi 80 cikin ɗari baƙaƙe ne, amma ko ɗaya daga cikinsu ba shi da rajista. Sunayen fararen fata da ke cikin littafin kuwa sun fi yawan fararen da suka isa zaɓe a gundumar. Daɗin daɗawa, yawancin baƙaƙen suna noma gonakin 'yan tsirarun iyalai ne a raba amfani, suna kuma kwana a gidajen masu gonar. Wanda ya nemi ƙuri'a, ya yi ta gidansa da abincinsa.

Shekarar 1965

A watan Maris na 1965 wasu mutanen gundumar, cikinsu har da John Hulett, suka je Hayneville, hedkwatar gundumar, neman rajista. Da farko aka kore su, daga baya aka karɓi mutum biyu kacal. A cikin watan nan ne jerin gwanon neman 'yancin zaɓe daga Selma zuwa Montgomery ya ratsa gundumar, sa'an nan Stokely Carmichael da abokansa na ƙungiyar ɗalibai ta SNCC suka zauna suna bi gida gida. An zubar da jini. 'Yan Ku Klux Klan suka harbe Viola Liuzzo ran 25 ga Maris, aka kuma kashe Jonathan Daniels a Hayneville ran 20 ga Agusta, kotu ta sallami wanda ya harbe shi.

Shugaba Johnson ya sa hannu a Dokar 'Yancin Zaɓe ran 6 ga Agusta 1965, wadda ta dakatar da jarrabawar karatu, ta kuma kawo jami'an rajista na tarayya. Da sunaye suka fara shiga littafi, sai masu gonaki suka shiga korar manoma, har iyalai da dama suka koma zaman tanti a gefen babbar hanya mai lamba 80.

Wace jam'iyya za a bi?

Samun rajista bai warware matsalar ba. Jam'iyyar Dimokurat ta Alabama tana da alamar farin zakara da taken fifikon farar fata, reshenta na gundumar kuma ya ɗaga kuɗin tsayawa takara daga dala 50 zuwa dala 500. Rifablikan kuwa ta riga ta fara zawarcin fararen kudu, kamar yadda nasarar Goldwater a Alabama a 1964 ta nuna. Saboda haka manoman suka kafa jam'iyyar kansu ta 'Yancin Gundumar Lowndes, suka zaɓi baƙar damisa ta zama alamarsu, domin dabba ce mai ja da baya har sai an ƙure ta, sa'an nan ta yi faɗa. Alamar tana da wani amfani kuma, don wanda bai iya karatu ba yana iya gane hotonta a rumfar zaɓe. Daga nan ne Huey Newton da Bobby Seale suka ari alamar a Oakland a watan Oktoba na 1966.

A zaɓen 8 ga Nuwamba 1966 jam'iyyar ta tsayar da mutum bakwai, dukansu suka faɗi, ko da yake baƙaƙe masu rajista sun haura 2,000. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Wasu tsoron kora ya zaunar da su a gida. Wasu kuma masu gonaki ne suka kwaso su a manyan motoci, bayan an nuna musu inda za su sa alama. Fararen fata kuwa suka fito ƙwansu da kwarkwatarsu. Sai a 1970, bayan jam'iyyar ta haɗe da wata babba ta jihar, aka zaɓi John Hulett shugaban 'yan sandan gundumar.

Kammalawa

Daga baya ra'ayin siyasa ya juya baki ɗaya. Jikokin waɗanda suka bi jam'iyyar Lincoln suka koma Dimokurat, har Obama ya sami sama da kashi 70 na ƙuri'un Lowndes a 2008, alhali tun 1980 Jihar Alabama ke zaɓen ɗan takarar shugaban ƙasa na Rifablikan. Doka ta buɗe littafin rajista cikin 'yan makonni, amma sai da aka shekara biyar kafin manomi ya amince cewa ƙuri'arsa ba za ta raba shi da gidansa ba. Saboda haka duk mai nazarin yawan masu fita zaɓe a karkara, ya kamata ya fara binciken mallakar ƙasa kafin ya yanke wa talaka hukunci.