Yadda Jama'ar Amish Suka Gina Gidajen Haifuwa Nasu

A ƙasar Amurka akwai wata jama'ar Kirista da ake kira Amish. Asalinsu Suwizalan ne da yankin Alzas, inda suka ware daga ƴan'uwansu Menonait a 1693 a ƙarƙashin Jakob Ammann. Cikin ƙarni na 18 suka soma ƙaura zuwa jihar Pensilbaniya, daga baya suka bazu zuwa Ohayo da Indiyana. Yau yawansu ya kai wajen 400,000. Da keken doki suke tafiya, ba sa jawo wutar lantarki cikin gida, kuma suna da harshensu mai kama da Jamusanci.

A wurinsu ɗa kyauta ce daga Allah, iyali mai ƴaƴa shida ko bakwai ba abin mamaki ba ne. Mace ba ta shelar cikinta, kunya ta hana. Bayan ta sauka, akan ɗauko budurwa ta riƙe mata aikin gida na ƴan makonni. Ba sa shiga inshora. Idan kuɗin magani ya fi ƙarfin maigida, ikilisiya ke haɗa hannu ta biya.

Saboda haka babban asibitin birni ya zame musu nauyi. Ga nisa ga mai keken doki, ga tsada, ga baƙin fuskoki da baƙon harshe. Mata da yawa suka gwammace haifuwa a gida wurin ungozoma. Amma idan jini ya ɓalle, ko ɗa ya zo a gicciye, taimako yana nesa.

A 1985 Amish na Ohayo suka buɗe gidan haifuwa nasu a garin Mount Eaton, tare da wani likita mai suna Elton Lehman. Su suka tara kuɗin, su suka gina. Ɗakunan kamar na gida suke, kuɗin da sauƙi, ga ma'aikatan jinya a kusa. Mai cikin da ke da hatsari kuwa, asibiti ake tura ta tun da wuri. A 1997 aka buɗe irinsa a Topeka ta Indiyana.

Sauran matsalar jarirai. Da yake jama'ar ta fito daga iyalai kaɗan, kuma a tsakaninsu suke aure, wasu cututtukan gado sun yawaita. Akwai wadda jikin yaro ba ya iya sarrafa wani sashe na sinadarin gina jiki. Akan haife shi lafiya lau, sai zazzaɓi ko zawo ya kama shi, cikin kwana ɗaya ko biyu ƙwaƙwalwa ta lalace, ya shanye ko ya mutu. Likita Holmes Morton ya gane cutar a wurin yaran Amish na Lankasta. A 1989 shi da matarsa Caroline suka kafa asibitin waɗannan yara, a 1990 kuma Amish da Menonait suka yi gayya suka tsai da gininsa kusa da Strasburg, kamar yadda suke tsai da rumbun maƙwabci. Kowace shekara sukan yi gwanjon barguna da kayan katako domin a riƙe shi.

Maganin ba mai wuya ba ne: a ɗibi ɗigon jini a diddigen jariri a gwada, a ba shi madara ta musamman, in zazzaɓi ya zo a yi maza a sa masa ruwan sukari ta jijiya. Yawancin yaran da aka gano da wuri sun tashi da ƙafafunsu.

Mai karatu zai lura cewa Amish ba su ƙi magani ba. Sun karɓi gwajin jini da allura sa'ad da likita ya zo ƙofarsu, ya girmama kunyar matansu, ya bar ginin da riƙonsa a hannunsu.